Yadda ake kai ɗaliban sakandare ziyarar wuraren tarihi a ƙasar waje

Duk malamin tarihin da ya zo mini da maganar yana so ya kai ɗalibansa ƙasar waje, kafin mu taɓo zancen tikiti da masauki, tambaya ɗaya nake fara yi masa: me kake so yaran nan su je su gano? In ya ce so yake su ga duniya, sai in ce ya koma ya sake tunani. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma fa ga wanda ya riga ya ji. Yaron da aka sauke a maƙabartar sojoji bai san yaƙin da ya ci su ba, duwatsu kawai zai gani a jere, ya ɗauki hoto, ya koma mota.

Don haka aikin farko shi ne zaɓen darasi guda daga cikin manhajar da kuke koyarwa, sannan a nemo wurin da ya dace da shi. In cinikin bayi ta tekun Atlantika kuke kai, ga gidajen kurkukun bayi na gabar tekun Gana, wato na Cape Coast da kuma na Elmina, shi na Elmina mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482. In kisan ƙare dangi ne, ga Auschwitz a ƙasar Folan, ga kuma wurin tunawa na Kigali a Ruwanda, inda aka binne mutum fiye da 250,000 daga cikin waɗanda aka kashe a 1994. In wariyar launin fata ce, ga tsibirin Robben a Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure. Ni dai filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyam da arewacin Faransa na fi sani, da su zan yi misali, amma tsarin duk ɗaya ne.

Takardu da kuɗi

A fara shiri shekara guda kafin ranar tafiya. Shugaban makaranta da hukumar da ke samanta su sa hannu a rubuce, sannan a tara iyaye a gaya musu komai dalla-dalla: inda za a je, abin da yara za su gani, jimillar kuɗi, da abin da za a mayar musu idan aka hana yaro biza. Wannan na ƙarshen shi ke haddasa rigima in ba a faɗe shi tun farko ba. A raba biyan kuɗin kashi-kashi, a kuma nemi tallafi don yaron da ke da ƙwazo amma iyayensa ba su da hali. Ba na jin daɗin tafiyar da 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ke cikinta, domin idan an dawo ajin yakan rabu gida biyu.

Idan fasfonku na buƙatar bizar Schengen, wadda Beljiyam da Faransa da Jamus da Folan duk suke ciki, ana iya nema tun saura wata 6 a tafi, kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ake zuwa. Dole fasfon kowa ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fitowa, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza yuro 30,000 ba. Yaran da ba su kai shekara 18 ba ana neman takardar haihuwarsu da amincewar iyaye a rubuce. Ƙa'idar bizar ta yafe kuɗinta ga ɗalibai da malaman da suka rako su tafiyar karatu, don haka ku rubuta a sarari cewa tafiyar karatu ce, ku haɗa da wasiƙar makaranta. Masu zuwa Gana kuwa su tanadi katin rigakafin shawara.

Malami ɗaya ga yara goma shi ne abin da nake ganin ya dace, a samu maza da mata a cikin malaman. Kowane malami ya riƙe kwafin fasfon yaransa, da lambar iyayensu, da bayanin ciwon da wani ke fama da shi da maganin da yake sha.

Kowane yaro da sunan da zai bi

Wannan shi ne abin da na fi ba muhimmanci, kuma a aji ake yin sa, zango guda kafin tafiya. Lissafin mamatan yaƙi ya fi ƙarfin tunanin ɗan shekara goma sha shida. A ranar farko ta gwabzawar Somme a arewacin Faransa kaɗai, 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 aka kashe. Yaro zai haddace wannan adadi ya rubuta a jarrabawa, zuciyarsa ba ta motsa ba. Amma ku ba shi mutum ɗaya ku gani.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta. A nan za a ga sunan soja, rundunarsa, ranar da ya mutu, sau da yawa har da shekarunsa da sunan iyayensa, da lambar layin da kabarinsa yake. Kowane ɗalibi ya zaɓi mutum ɗaya da ke kwance a maƙabartar da za ku je, ko wanda sunansa ke jikin bangon da za ku tsaya a gabansa. Ya binciko daga ina ya fito, me rundunarsa take yi a makon da ya mutu, ya rubuta shafi guda. Idan an isa wurin, shi zai nemo kabarin da kansa da taswirar maƙabartar, ya tsaya ya gaya wa 'yan'uwansa ko wane ne wannan. Na ga yaran da ba sa buɗe baki a aji sun tsaya sun yi bayani tiryan-tiryan, saboda a cikin duk masu tafiyar babu wanda ya san mutumin nan sai su.

A maƙabartar Essex Farm, kusa da garin Ypres na Beljiyam, akwai kabarin Valentine Joe Strudwick, wanda ya mutu a Janairun 1916 yana da shekara 15. Kada ku ba kowa shi, ku bar shi na ajin gaba ɗaya. Ku bari su karanta shekarun da idonsu, ku yi shiru.

Tsara ranaku

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye sukan cusa wurare shida ko bakwai a rana guda don takardar ta cika ido. Ku rage. Wuri biyu masu nauyi da gidan tarihi ɗaya sun isa rana. Daga maƙabarta ta huɗu yara sun daina gani, ƙafa kawai suke ja.

A yankin Ypres, wanda a allunan hanya za ku ga an rubuta Ieper, nakan fara da gidan tarihin In Flanders Fields da ke tsakiyar gari, don su sami hoton yaƙin gaba ɗaya. Daga nan sai Tyne Cot, maƙabartar sojojin Commonwealth mafi girma a duniya, mai kabari kusan 12,000, mafi yawansu ba a san sunan mai su ba. Duwatsun farare ne, a tsaye, kuma na hafsa da na ƙaramin soja duk girmansu ɗaya. Bayan nan kai tsaye a wuce Langemark, maƙabartar Jamusawa, inda mutum fiye da 44,000 suke kwance, kusan 25,000 daga cikinsu a rami guda. Can duwatsun baƙaƙe ne, a shimfiɗe a ƙasa ƙarƙashin manyan itatuwa, kowane dutse da sunaye da yawa. Kada ku bar Langemark don ƙurewar lokaci. Ganin wuraren nan biyu a jere shi ke sa yaro ya tambayi abin da malamin tarihi ke fatan a tambaye shi: wa ya yanke yadda za a tuna da waɗannan, kuma me ya sa na wanda aka ci da yaƙi ya bambanta?

Da yamma a je Ƙofar Menin da ke cikin garin Ypres. An buɗe ta a 1927, jikinta ɗauke da sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, cikinsu har da sojojin Indiya. Tun 1928 ake busa begila a ƙarƙashinta kullum da ƙarfe 8 na dare, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin a Yaƙin Duniya na Biyu. Ku isa da rabin awa a hannu saboda cunkoso, ku kuma gaya wa yara tun a mota cewa ba a tafa hannu idan an gama. Makarantar da ke son ajiye furanni tana rubuta wa ƙungiyar da ke kula da bikin tun da wuri.

Rana ta biyu a gangara Faransa, a ga ginin tunawa na Thiepval a yankin Somme, mai sunaye fiye da 72,000. In da hali a ƙara kwana don Verdun, ko da yake akwai nisa. A Douaumont, kusa da Verdun, akwai ginin da aka tara ƙasusuwan sojojin Faransa da Jamus kimanin 130,000 da ba a iya tantancewa ba, a gabansa kuma akwai sashen kaburburan sojoji Musulmi da aka fuskantar da su alƙibla. Sojojin da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da take mulka a Afirka suna cikin waɗanda suka ƙwato sansanin Douaumont a Oktoban 1916. Littattafan makaranta da yawa sukan tsallake wannan, ga shi kuwa a rubuce a kan dutse.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: har yau manoman yankin suna tono harsasan igwa da ba su fashe ba, sukan ajiye su a bakin gona don sojoji su zo su kwashe. Duk wani ƙarfe mai tsatsa da yaro ya gani a ƙasa, kada ya taɓa, kada ya sa a aljihu.

Ladabin wurin da halin da yara za su shiga

Dokokin ɗaukar hoto a tsara su tare da ɗaliban tun a gida, sun fi kiyaye abin da aka yi shawara da su. Ba a zama a kan dutsen kabari, ba a guje-guje, ba a hoton dariya. Wasu wuraren suna da nasu dokokin. Gidan tarihin Auschwitz, inda aka kashe mutum kimanin miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa, ba ya ba da shawarar a kawo yaran da ba su kai shekara 14 ba. Ayari sai da ɗan jagoran wurin, sai an kama gurbi tun da watanni, kuma an hana hoto a ɗakin da aka tara gashin waɗanda aka kashe.

Yara ba sa ɗaukar irin waɗannan wurare iri ɗaya. Wata za ta fashe da kuka, wani zai yi gum har dare, wani kuma dariya za ta kuɓuce masa, ba don raini ba, don bai san yadda zai yi da abin da ya taso masa ba. Irin wannan a ja shi gefe a yi masa magana a hankali, kada a tozarta shi a gaban jama'a. A sa malami ɗaya ya tsaya kusa da ƙofa, duk wanda ya kasa jurewa ya fita wurinsa ba tare da neman izini ba. Ku kuma bincika tun kafin tafiya ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko wanda danginsa suka taɓa shiga tashin hankali irin wanda za a gani.

Kowane dare, bayan an ci abinci, a zauna rabin awa. Ba lacca ba. Kowa ya rubuta a littafinsa abu ɗaya da ya gani da tambaya ɗaya da ta tsaya masa, wanda ya ga dama ya karanta. Bayan rana mai nauyi kuma a bar musu sarari su zaga gari, su buga ƙwallo, su yi hirarsu ta yara. Suna buƙatar hakan, kuma ba rashin girmama mamata ba ne.

Idan an dawo, kada a bari mako biyu ya wuce. Kowane ɗalibi ya haɗa shafin da ya rubuta kafin tafiya da hoton kabarin ko sunan da ya gano da abin da ya rubuta a daren, a manna su a zauren makaranta, a gayyaci iyaye da 'yan ajin da ke biye, su ɗaliban su yi bayani da bakinsu. Ku malamai kuma ku zauna ku rubuta wurin da lokaci ya ƙure, da masaukin da ya yi nisa da gari, da ɗan jagoran da ya iya magana da yara, ku ajiye a ofishin makaranta don wanda zai ja ayari na gaba.