Yadda Ake Gyara Kuskuren Bashin Karatu a Rahoton Bashi na Amurka

A Amurka, mai gidan haya da dillalin mota da banki duk abu ɗaya suke fara dubawa kafin su yarda da kai: rahoton bashinka, wanda mutanenmu a can ke kira kiredit. Kamfanoni uku ne ke riƙe da shi, Equifax da Experian da TransUnion, kuma daga abin da suka rubuta ake fitar da makinka. A ma'aunin FICO, wanda masu ba da bashi ke amfani da shi, maki yana kamawa daga 300 zuwa 850, kashi 35 cikin ɗari na lissafin kuwa yana kan ko kana biya a kan kari. Shi ya sa layi ɗaya da ya ce ka makara a biyan bashin karatu zai iya hana ka gida. Lamarin ya shafi mai takardar zama da ya ci bashin gwamnatin tarayya, ya kuma shafi kawu ko yaya da ya tsaya wa ɗalibin da ya zo daga gida a bashin banki, domin bashin yana fitowa a rahoton su biyun.

Fara da ɗauko rahoton daga shafin AnnualCreditReport.com. Kyauta ne, kuma ana iya dubawa kowane mako. Ka ɗauko duka ukun, don kuskuren da ke wajen Experian ba lallai ya kasance a wajen TransUnion ba.

Yanzu sai karatu, nan ne kuma akasari ake ruɗewa. Wanda ya yi digiri na shekara huɗu yakan buɗe rahoto ya tarar da basussuka bakwai ko takwas, hankalinsa ya tashi, alhali shi a saninsa bashi ɗaya ya ci. Wannan ba kuskure ba ne. Kowane rance da aka fitar maka ana rubuta shi daban, ko da a dunƙule kake biya duk wata. Haka nan idan ka ga sunan kamfanin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, kada ka yi saurin cewa an yi maka sata. Gwamnati ba ta karɓar biya da kanta, kamfanoni take ba wa aikin, irin su MOHELA, Nelnet, Aidvantage da Edfinancial, tana kuma sauya su. A ƙarshen 2021, misali, asusun da ke hannun Navient na gwamnati sun koma Aidvantage. In an yi irin wannan sauyi, tsohon asusu zai nuna an rufe shi babu ko sisi a kai, sabon ya ɗauki kuɗin.

Kuskure na gaske shi ne ka ga tsohon da sabon duka suna bin ka kuɗi, wato an ninka maka bashi. Ko a rubuta ka makara a watan da ka biya. Ko a ce ka makara a lokacin da aka amince a hukumance ka jingine biya, ko kana makaranta, ko kana cikin wata shidan da ake ɗaga wa mutum bayan ya gama. Ko bashin da aka yafe ko ka gama biya yana nan a buɗe. Ka sa ido sosai a kan watannin Maris 2020 zuwa Satumba 2023, lokacin da gwamnati ta dakatar da biyan basussukan da ke hannunta saboda korona. Bai kamata a ga jinkiri a kansu a tsakanin nan ba. Wani abin kuma: bashin gwamnati sai ya kai kwana 90 ba a biya ba ake kai rahoton jinkirinsa, na banki kuwa daga kwana 30 ma ana iya kaiwa.

Kafin ka rubuta wa kowa, shiga asusunka a StudentAid.gov, shafin gwamnati na bashin ɗalibai, ka gwada abin da ke can da abin da ke rahoton, rance bayan rance: adadi, ranar da aka buɗe, da halin da yake ciki. Bashin banki ba ya fitowa a wannan shafi, sai ka nemi tarihin biyanka daga bankin.

Daga nan ka tara shaida: takardar bankinka da ta nuna ranar da kuɗi suka fita, wasiƙar amincewa da jingine biya, ko takardar da ta ce ka gama biya. Kwafi za ka aika, na asali su zauna a hannunka.

Ƙorafin wuri biyu ake kai shi. Na farko wajen kowane kamfanin rahoto da kuskuren ya fito, na biyu wajen kamfanin da ke karɓar biyan, tunda shi ne tushen bayanin. In ba a gyara a wajensa ba, wata mai zuwa zai iya sake aika wannan kuskuren. Ana iya shigar da ƙorafi ta intanet, amma ni na fi son wasiƙa mai rajista wadda za a sa hannu an karɓa, domin ita ce ke tabbatar da ranar da lissafin kwanaki ya fara. Wasiƙar ta zama gajera: sunanka, adireshi, lambar asusun, watan da aka yi kuskure, abin da yake daidai, da gyaran da kake nema. Labarin wahalar da ka sha ba zai ƙara mata nauyi ba, ma'aikacin lamba da kwanan wata yake nema.

Dokar rahoton bashi ta 1970 ta ba kamfanin rahoton kwana 30 ya yi bincike, yana iya kaiwa 45 idan ka ƙara aika takardu a tsakiya. Abin da suka kasa tabbatarwa dole su gyara ko su goge, su kuma sanar da kai a rubuce. Duk tsawon wannan lokaci ka ci gaba da biya. Ƙorafi ba ya dakatar da bashi, wanda ya tsaya cak yana jiran hukunci sai ya jawo wa kansa jinkiri na gaskiya a kan na ƙarya.

In suka dawo suka ce bayanin daidai ne alhali shaidarka tana hannu, kai ƙara hukumar CFPB mai kare masu hulɗa da bankuna, ko ofishin sasanci na sashen tallafin ɗalibai a Ma'aikatar Ilimi idan bashin na gwamnati ne. Kana kuma da damar sa ɗan gajeren bayani a cikin rahoton. Idan kuwa bashin sam ba naka ba ne, wani ya yi amfani da sunanka, fara da kai rahoto a shafin gwamnati na IdentityTheft.gov ka haɗa takardar da ƙorafinka.

Saura wanda da gaske ya makara. Jinkiri na gaskiya yana zama shekara 7 a rahoto, kuma wasiƙar ƙorafi ba za ta cire shi ba, duk da alƙawarin kamfanonin da ke tallar wanke kiredit. Doka ma ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aiki. Wanda bashinsa na gwamnati ya wuce kwana 270 har aka sa shi cikin waɗanda suka gaza yana da hanyar farfaɗo da shi: ya yi yarjejeniya, ya biya sau 9 a cikin wata 10, sai a cire tambarin gazawar. Jinkirin watannin da suka gabace shi dai suna nan har wa'adinsu ya cika.