Yadda na sauya shokozobar bayan tsohon kekena

Kekena na hawan duwatsu ya kwana biyu. Shokozobar baya ta fara yoyon mai, ko ƙaramin rami na faɗa sai ƙuguna ya amsa. Na kwance ta na auna: tsawonta daga ramin ƙusar da ke ɗaure ta a wannan kai zuwa na ɗaya kan milimita 165, lotsawarta 38. Kada a raina awon nan, domin wadda ta fi tsawo tana iya dukan firam.

Na samo shokozoba samfurin RockShox Monarch mai iska a madadin tsohuwar mai sifirin. Bushin, wato ƙananan zobban da ke cikin ramukan ƙusa, su ne suka wahalar da ni, duk sun cinye, sai da na sa sababbi ƙarar da suke yi ta ɗauke. Na yi ta ƙara iska da ɗan famfonta har ya zamana in na hau, milimita 10 kawai take nutsewa. Jiya na bi hanyar gona, ƙuguna lafiya lau.