Yadda ake gudanar da rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a unguwa lokacin damina

A ƙasar Hausa zazzaɓin cizon sauro yana da lokacinsa, domin daga watan Yuli zuwa Oktoba ne asibitoci kan cika da yara masu zafin jiki, wasu har da jijjiga da ƙarancin jini. Wannan ne ya sa a shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel masu wata 3 zuwa wata 59 magani sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, ko da lafiyarsu ƙalau. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna cewa hanyar tana hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa da cutar, kuma a Najeriya an soma aikin a jihar Katsina a 2013.

Shiri yana farawa tun kafin masu rabo su iso. Ya kamata mai unguwa ya san ranakun, ya sa a yi shela, ya kuma roƙi liman ya sanar a masallaci, saboda magidanci da bai ji labari ba yakan tafi gona ya bar umarnin kada a karɓi komai daga baƙo. Wajibi ne kuma a sa mata cikin masu rabon, tun da su ne ke iya shiga har tsakar gida su gana da uwar yaro.

Idan mai rabo ta shiga gida, tambaya ce ta farko, ba miƙa ƙwaya ba. Yaron da ke fama da zazzaɓi a ranar ba a ba shi, sai a tura shi asibiti a yi masa gwajin jini. Haka nan ba a bai wa wanda yake shan Septrin, ko wanda irin maganin da ake rabawa ya taɓa fito masa da ƙuraje, ko wanda ya sha shi cikin makonni huɗu da suka wuce. Akwai ƙunshin maganin 'yan wata 3 zuwa 11, akwai na 'yan wata 12 zuwa 59, kuma bai dace a musanya su ba.

A ranar farko yaro yana shan ƙwayoyi iri biyu, sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine, a gaban mai rabo. Ana narkar da su a ɗan ruwa mai tsabta cikin kofi ko babban cokali, uwa ta zaunar da yaron a cinyarta ta ba shi a hankali, ba tare da toshe masa hanci ana yi masa ɗura ba, domin hakan kan sa ya shaƙe ko ya amayar. Idan ya yi amai cikin minti 30, sai a sake ba shi.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan mai rabo ta tafi. Ana barin ƙwayoyin amodiaquine biyu a hannun uwa, ɗaya ta rana ta biyu, ɗaya ta rana ta uku, amma sau da yawa ana ɗaure su a bakin zane ko a jefa su cikin kwalla, a ajiye wa ranar da yaron zai kwanta ciwo. A ganina ba sakaci ne ke jawo haka ba, tattali ne na wadda ta san tsadar magani, shi ya sa faɗa ba ya gyara shi. Abin da ke gyara shi shi ne bayani filla-filla cewa kariyar ba ta cika sai an sha na kwana uku a jere, da kuma samun wata dattijuwa da ake jin maganarta ta leƙa gidajen maƙwabta a waɗannan ranaku biyu.

Kariyar kan ɗauki kimanin makonni huɗu, don haka ake komawa bayan kwana 28, sau huɗu a damina, a wasu wurare sau biyar. A adana katin yaron, wanda ake rubuta ranakun shan maganin a ciki, inda ruwa ba zai taɓa shi ba, a kuma ci gaba da kwantar da shi cikin gidan sauro kowane dare. Idan zazzaɓi ya kama shi tsakanin zagaye da zagaye, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da katin don malamin asibiti ya ga ranar da ya sha maganin ƙarshe.