Kurakuran da aka fi yi game da tsaunukan Mahale da dazuzzukansu

Tsaunukan Mahale suna yammacin Tanzaniya, a gaɓar gabas ta Tafkin Tanganyika, sama da kilomita 100 kudu da garin Kigoma. Mutane da yawa sun san wurin ne ta hotunan birran cimfanzi, kuma daga nan yawancin kurakuran suke farawa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar Mahale gaba ɗaya a matsayin kurmi mai duhu. Kurmin yana nan, amma a gefen yamma yake, inda tsaunukan suke gangarowa zuwa ruwa, kamar dajin Kasoge. Iska tana ɗauko danshi daga tafkin, ta bugi tsaunin, ta hau sama ta huce, sai ruwan ya zube a wannan fuskar. Ɗaya gefen kuwa, da mafi yawan filin gandun dajin ƙasa na Mahale, dajin miombo ne: bishiyoyi a wawware, ciyawa a ƙarƙashinsu, ganye na zubewa da rani. In ka ci gaba da hawa za ka shiga cikin gora da dajin kan tudu, daga bisani ciyawa zalla kusa da ƙololuwa. Gyaran mai sauƙi ne. Duk lokacin da aka ce maka "dajin Mahale", tambayi wane gefe ake nufi da kuma wane tsayi, domin tsauni ɗaya ne amma dazuzzukansa kala-kala ne.

Akwai kuma masu kallon tafkin kamar ado kawai. Tanganyika yana cikin wata babbar tsaga ta ƙasa, zurfinsa ya kai kusan mita 1,470, Tafkin Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi. Motsin ƙasar da ya nutsar da ƙasan tafkin shi ne ya ɗaga duwatsun gefensa, har Dutsen Nkungwe, mafi tsawo a Mahale, ya kai mita 2,462. Ba za ka fahimci tsaunin ba sai ka haɗa shi da ruwan.

Wasu suna rikita Mahale da gandun dajin Gombe ta Tanzaniya. Gombe ƙarama ce, tana arewa da Kigoma, can ne masaniya Jane Goodall ta fara bincikenta a kan cimfanzi a 1960. A Mahale masanan Jami'ar Kyoto ta Japan ne suka soma bincike a 1965, Toshisada Nishida na kan gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne cewa da ake yi wai ba a taɓa zama a wurin ba. Al'ummar Tongwe sun daɗe a waɗannan tsaunuka, suna girmama Nkungwe a matsayin wuri mai tsarki. An tashe su a shekarun 1970, kafin a ayyana wurin gandun ƙasa a 1985. Wanda ya rubuta labarin Mahale bai ambace su ba ya share mutanen da suka san kowane rafi da kowace bishiya da sunanta, kuma waɗanda suka nuna wa masu binciken farko hanya.

Ga mai niyyar zuwa kuma, kada ya sa rai da mota. Babu titi a cikin gandun. Da jirgin ruwa ake isa, ko ƙaramin jirgin sama sannan kwalekwale, sauran kuma da ƙafa. Damina tana kamawa wajen Nuwamba zuwa Afrilu, hanyoyi su yi santsi. Da rani, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, birran sukan sauko kusa da gaɓa.

Kada kuma a raina dokar sanya takunkumin fuska da tsayawa nesa da birran. Murar da mutum zai warke daga ita cikin kwanaki tana iya kashe cimfanzi, kuma cutar numfashi ta taɓa hallaka wasu daga cikinsu a nan Mahale.