Kafin Ka Shiga Sashen Kiɗa a Jami'a

Ƙanena, tunda ka ƙudurta karatun kiɗa, fara da gyara kunnenka. Kullum a danna maka sauti biyu a fiyano, ka maimaita su da baki, ka faɗi wanne ya fi sama. Daga nan ka koyi do-re-mi, wato sunayen matakan sauti, da karanta alamomin kiɗa a kan layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kansu. Tun a 1961 Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa, kuma a irin waɗannan wurare sai ka taɓa fiyano ko da murya ce jarinka.

Kar ka raina kalangu, ni a nan na fi matsa wa ɗalibai. Zauna gaban makaɗi ka ga yadda yake matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sannan ka gwada rubuta abin da ka ji.