Kafin ku bar manhaja ta raba 'yan tsere rukuni-rukuni

Salamu alaikum 'yan uwa masu shirya gasar guje-guje. Manhaja irin su Meet Manager tana raba 'yan tsere cikin ƙiftawar ido, amma abin da kuka zuba mata shi take aiki da shi.

Ku kula da lokutan gudun 'yan tsere da ake shigarwa. Wanda aka ɗauka da agogon hannu daban yake da na lantarki: a tseren mita 100 da 200 ana ƙara wa na hannu daƙiƙa 0.24, a mita 400 kuma 0.14. In ba ku yi masa alama ba, yaro mai 10.9 na hannu zai sha gaban mai 11.02 na lantarki, alhali na biyun ya fi shi gudu. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya yi wata da watanni yana atisaye ake tauye wa haƙƙi.

Wanda bai zo ba, a cire sunansa tun kafin rabo, kar a tashi da rukuni ɗaya mai mutum takwas, ɗaya mai uku. Rabon yana tafiya ne kamar maciji: na 1, 2, 3 a jerin waɗanda suka fi gudu zuwa rukunin farko, na biyu, na uku, sai a juyo da na 4 daga rukuni na uku.

Ku buga takardar, wani ya bi ta da biro, ya duba ko 'yan ƙungiya ɗaya sun cunkushe wuri guda, kafin a liƙa a allo.