Yadda Ake Sirka Man Ƙamshi Kafin a Shafa

Man kanumfari, na'a-na'a ko lemun tsami da ake sayarwa a ƙananan kwalabe a kasuwar Wunti da ke Bauchi tatacce ne, shafa shi zalla yana ƙona fata. A ɗiga ɗigo 2 cikin ƙaramin cokali (mililita 5) na man riɗi ko na kwakwa. Kanumfari ya fi zafi, ɗigo 1 a cokali 2 ya wadatar.

A fara gwadawa a cikin hannu, a jira awa 24. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura. In ya yi zafi, a goge da man riɗi ko na kwakwa, domin ruwa ba ya narkar da shi.

Wanda ya shafa na lemun tsami ya guji rana awa 12, don tana barin tabo. Kada a sha, kada a kusantar da na'a-na'a ga hancin jariri, tana iya sarƙe masa numfashi.